Kwamanda a Gem, Bebe a Zauren Dangi



Akwai wani ƙorafi da ya yawaita a bakin iyaye 'yan shekarun nan. A wurin ɗaurin aure za ka ji shi, a motar haya za ka ji shi. Uba ya ce maka ɗansa ba ya magana. An saka shi a zauren WhatsApp na dangi, wata da watanni bai ce uffan ba, in ban da ranar rasuwa ya rubuta "Allah ya jiƙan rai", ranar suna ya ce "Allah ya raya". Amma in ka bar uban ya ci gaba, shi da bakinsa zai gaya maka cewa sha biyun dare yana jiyo muryar yaron daga ɗakin samari, iyafis a kunne, yana ta zuba umarni: "Ku biyo ni! Kai, kwanta! Akwai mutum a bayan ginin nan, ku zagaya ta hagu!" Wanda ake yi wa tsawar kuwa, ba mamaki wani magidanci ne a Jos ko a Maraɗi da ya isa ya haifi yaron.

Wayar ɗaya ce, yaron ɗaya ne. Iyaye da yawa suna fassara abin da raini ko lalacewa. Ni abin da na gani daban ne. Manhajar aika saƙo tana shigo da mutum tare da shekarunsa, wasan intanet kuwa tun a bakin ƙofa yake karɓe su. Kowanne akwai abin da yake ba mu, akwai abin da yake ƙwace mana.

WhatsApp da lambar waya yake aiki, haka aka gina shi tun 2009. Wanda kuwa yake da lambarka galibi ya san ka, ya san ɗan wane ne kai, ya san wa kake bi, wa ke bin ka. Saboda haka ranar da aka buɗe zauren dangi, tsarin gidan gaba ɗaya ne ya tattaro ya shigo. Baffa yana nan, Goggo tana nan, Yaya babba shi ne admin, surukai suna gefe suna taka-tsantsan. Abin da ba ka iya faɗa a tsakar gida ba ka iya rubuta shi a nan. Nan ma ya fi tsanani, domin maganar baka iska ke kwashe ta, rubutu kuwa yana nan zaune, ana iya ɗaukar hotonsa a tura wa wanda ba ya wurin.

Gaisuwa kaɗai ta isa ta raba tsara. Saurayi ya rubuta wa abokinsa haruffa uku, s, l, m, an yi sallama ke nan. Ya ƙara y, k, k, ya tambayi lafiya. Abokin ya amsa da l, f, y, a shiga magana. To ranar da hannu ya saba ya tura wa kawunsa irin wannan, sai a kira uwarsa a tambaye ta ko yaron nan lafiyarsa ƙalau. A wurin kawu gaisuwar ita ce maganar, tsawonta shi ne ma'aunin girman da ka ba shi. Ni kuma ban ga laifin kawu ba. Da haka aka rene shi, da haka ya reni wasu.

Saƙon murya, da ya zo a 2013, shi ya buɗe wa dattawanmu ƙofa, kuma alheri ne da ba a cika yaba shi ba. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, malamin da ajami yake rubutawa, direban da ke kan hanyar Agadas, duk sun samu baki. Kaka ta danna ta riƙe, ta gaida jikanta da ke karatu a Masar, ta tambayi gajiya, ta tambayi sanyi, ta lissafo masu gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, ta ba da labarin akuyar da ta haihu, minti shida bai ishe ta ba. Jikan kuma, tun da aka kawo damar hanzarta murya a 2021, sai ya danna ninki biyu, kaka ta riƙa zuba kamar mai gwanjo. Yana son ta har ransa, lokacinsu ne ba ɗaya ba.

Sai alamar nan mai shuɗi biyu da ta zo a ƙarshen 2014. Kafin ta, in babba ya aiko saƙo kana iya cewa ba ka gani ba. Bayan ta, Baffa ya san ka buɗe, ya san ƙarfe nawa ka buɗe, ya ga kana kan layi, kuma ba ka amsa ba. Matasa suka yi abin da ƙarami ya saba yi in babba ya tare hanya: ba su ja ba, sun zagaya. Sun kashe alamar. Sun ɓoye sitatus ɗinsu daga duk wanda ya ba su shekara goma. Sun buɗe wani zauren na 'ya'yan gida zalla, mai sunan shaƙiyanci, inda ake sharhin duk abin da aka faɗa a babban zauren. In ka ga zauren dangi ya yi tsit bayan Baffa ya turo wata magana, to ka tabbata can ƙaramin zauren ya kacame.

Shirun nan kuwa yana jawo ɓarna. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, daren da saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka riƙa tashin 'ya'yansu da tsakar dare. An kwantar da mutane a asibiti, har an rasa rayuka. A gidaje da yawa akwai ɗalibin da ya san maganar ba ta da tushe, amma daga bakin wanda ba a yi wa musu ta fito. Har gobe haka ake fama, yau hoton bogi, gobe maganin da ke warkar da cuta arba'in. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, amma ba kamfanin da zai ƙero maɓallin da ɗan shekara 17 zai danna ya ce wa yayan mahaifinsa "Baffa, wannan ƙarya ce" ba a ce ba shi da kunya ba.

To mu leƙa ɗaya ɓangaren. Zan ɗauki Free Fire misali, domin yana cikin waɗanda suka fi yawa a hannun yaranmu. Kamfanin Garena na Singafo ne ya fito da shi a 2017, kuma sirrin karɓuwarsa shi ne ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, ba sai mai tsada ba. PUBG Mobile ya biyo a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Mutum 50 ake ɗauka a jirgin sama, kowa ya diro da lema a kan wani tsibiri. Ka bi gidaje ka nemi makami, filin da aka yarda a tsaya yana ta tsukewa, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci, allo ya rubuta masa Booyah. Minti goma da 'yan kai an gama. Ana shiga huɗu-huɗu a matsayin tawaga ɗaya, suna jin muryar juna. In ba ka da abokan shiga, na'ura ta haɗa ka da duk wanda ta samu.

A nan ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Sunan da ka ga dama shi za ka laƙaba wa kanka, wani Guguwa, wani Maƙi-gudu, wani haruffan da ba sa karantuwa. Abin da ake dubawa a jikin sunan shi ne matakin da ka taka da yawan waɗanda ka kayar. Ba kuma lokacin gaisuwa, wanda ya tsaya tambayar iyali kafin ya rufe baki an harbe shi. Ba "ranka ya daɗe", ba "ku" ta girmamawa. Zo, tsaya, ba ni harsashi, rufa mini baya.

Yanzu ku sa tela ɗan shekara 35, mai mata da 'ya'ya uku, wanda ya rufe shago ya ce bari ya huce gajiya, a tawaga ɗaya da yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare. Yaron ya fi shi saurin yatsa, ya fi shi sanin lungunan tsibirin, domin ya fi shi lokaci. Kafin zagaye na uku tela ya gane wa ya kamata ya bi. Akwai ma wani abu a tsarin wasan da nake ganin ya fi komai tasiri. In aka harbe ka ba nan take kake mutuwa ba. Faɗuwa kake yi kana rarrafe, jininka na raguwa, sai wani ɗan tawagarku ya zo ya tsaya a kanka ya tashe ka, shi ma yana kasadar a same shi. Sai ka ji magidanci yana kiran yaro: "Don Allah zo ka tashe ni, ina bayan motar nan!" Yaron ya ratso wuta ya zo. Godiyar da tela zai yi a lokacin ta gaske ce. Ku nuna mini wuri guda a rayuwar yaron nan ta yau da kullum inda babba yake neman agajinsa, ya kuma gode masa a gaban mutane. A gida "je ka sayo" ne da "wa ya ce ka taɓa". A makaranta lamba ce shi a cikin aji mai mutum tamanin. A can kuwa, in bai shigo ba ana cigiyarsa. Wanda bai fahimci wannan ba ba zai fahimci abin da ke hana yaron barci ba.

Kuma a nan hira da kanta take zuwa. A saƙo, magana ce kaɗai a tsakaninku, dole kowace kalma ta ɗauki nauyin matsayi. A gem akwai aikin da ya haɗa ku, idon kowa na kan allo, ba mai kallon wani. Tsakanin zagaye da zagaye, ana jiran wani ya sa caji ko ya nemo sabis, sai zance ya ɓalle: an ɗauke wuta kwana uku, jarrabawa ta matso, mahaifin wani na kwance a asibiti. Yaron da ba zai iya gaya wa yayansa cewa lissafi ya gagare shi ba sai ya gaya wa Guguwa, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Wani lokacin kuma Guguwa ya ba shi shawarar kirki, irin ta wa da ƙani. Ba zan ɓoye wannan don in faranta wa iyaye ba, akwai zumuncin gaske a cikin wasannin nan.

Sai dai shekarun ɓuya suke yi, kuma murya ce ke tona su. Yaron da muryarsa ba ta fashe ba, da ya buɗe makirufo sai wani ya ce, "Kai yaro, je ka kwanta, gobe akwai makaranta." Shi ya sa ƙanana da yawa suke wasa baki rufe, ko su kumbura murya, in an tambaya su ce shekararsu 19. Babban ma yana nasa ɓoyon, domin ya san abin da za a ce in aka ji: babba da kai, da iyalinka, kana wasan yara. Sai ya zabtare goma daga shekarunsa. Yaro na ƙari, babba na ragi, kowa ya zama matashi. 'Yan mata kuwa nasu ya fi. Da yawa sunan namiji suke ɗauka, makirufo a kashe har a tashi, domin da an ji muryar mace wasa ya ƙare, an koma "daga wane gari kike" da "turo lambarki".

Ga kuma ashar, wannan kam ba zan kare shi ba. Inda ba a san ubanka ba, ba mai kai ƙararka gida. Yaro ya zagi uwar wanda ya girmi babansa don ya yi kuskuren harbi, ya danna fita, shi ke nan. Da a unguwa ne, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mutane sun fi damuwa da bindigar da ke kan allo. Ni abin da ya fi damuna shi ne yaro ya tashi da tunanin cewa in ka fi mutum iyawa, ka samu izinin wulaƙanta shi.

Kada kuma mu ɗauka ba mu san wasa tsakanin babba da yaro ba. Gaskiya ne wasanninmu na dā tsara-tsara aka raba su, yara maza na langa, 'yan mata na gaɗa a dandali, manya na dara a gindin bishiya. Yaro na iya tsayawa a bayan masu dara ya yi kallo, ko ya hango inda za a ci ba shi da bakin faɗa. Amma al'adar ta bar wuraren shan iska. Kaka ta kira jikanta mijinta, ta ce ya kawo kuɗin cefane, shi kuma ya ce ta tsufa ya sake ta. Taubasai suna wasa ko da ɗaya ya ba ɗaya shekara ashirin. Da azumi 'yan tashe su kwaikwayi dattawa a gaban dattawan, a yi dariya a ba su kyauta. A duk waɗannan an san juna, gari ya san su, kowa ya san inda wasan ya tsaya. Gidan kallon ƙwallo ne ya fara sassauta abin, inda ɗan sakandare mai goyon bayan Arsenal ke yi wa mai furfura ɗan Manchester United ihu a ka, a tashi lafiya. Amma ko a can ana ganin fuska. Wayar hannu ce ta cire fuskar.

An kuma ga yadda abin ke kasancewa in aka mayar da ita. Lokacin kullen korona a 2020, Ludo King, wani wasan ludo na kamfanin Indiya, ya shiga gidajen da gem bai taɓa shiga ba. Ana buɗe ɗaki a cikin wasan, a turo lambar ɗakin ta WhatsApp, mutum huɗu su shiga. Goggo a Zariya ta kora ɗan ƙaninta gida, ta aiko saƙon murya tana masa dariya, shi ma in ya samu sa'a ya rama. Ludo ba ya buƙatar saurin yatsa, sa'a ce da ɗan lissafi, saboda haka babba bai ji kunyar shiga ba, yaro bai samu abin taƙama ba. Da aka buɗe gari kowa ya koma harkarsa aka bar abin ya mutu, ni kuwa ina ganin asara aka yi.

Yanzu ga inda nake so iyaye su kasa kunne. Wuri mafi haɗari shi ne inda ake tsallakawa daga gem zuwa saƙo. Ranar da wanda aka sani da Guguwa kawai ya ce "turo lambarka in saka ka a guruf ɗinmu", ranar ce sanin juna ya koma na gefe ɗaya. Da lambar an ga hoton yaron, an ga sitatus ɗinsa, an ga rigar makarantarsu, an gane unguwarsu. Shi kuwa bai san komai game da wancan ba sai abin da aka ga damar nuna masa. Mafi yawan lokuta ba abin da ke biyo baya sai shirya lokacin wasa. Amma mai mugun nufi ma ta nan yake bi, kuma ba ya gaggawa. Da kyauta yake farawa. Ya saya wa yaro dayamon, wato kuɗin cikin wasan da ake sayen kaya da su, ya tura masa data. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kyautar data ta ƙara daraja a idon ɗan makaranta. Babba yana da kuɗi ba shi da lokaci, yaro yana da lokaci ba shi da kuɗi. Sau da yawa cinikin a fili yake ba cuta: in sa maka data, ka hau da ni mataki. Amma yaron da ya saba karɓa daga hannun wanda iyayensa ba su sani ba, ya kuma saba ɓoyewa, ranar da aka nemi wani abu a madadin kyautar wa zai gaya wa? Baffa, a zauren da bai taɓa buɗe baki ba?

'Yan damfara sun riga mu gane wannan rabe-raben, kowace tsara a inda ta yarda suke kama ta. Dattijo da suna yake yarda. Sai a kira shi a ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo masa wasu lambobi shida, ya karanto a sa sunansa. Yana karantowa an ƙwace WhatsApp ɗinsa, kafin azahar an bi 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana neman rancen gaggawa. Ɗansa da ke yi masa dariya, shi kuma da gwaninta yake yarda. Wani mai babban mataki ya ce masa ga hanyar samun dayamon kyauta, ya shiga nan ya zuba bayanan asusunsa, ya wayi gari asusun da ya daɗe yana ginawa ya zama na wani. Uban da kallo ɗaya zai gane tarkon ɗan, domin ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗan kuma zai gane tarkon uban tun kafin a ajiye waya. Suna gida ɗaya, ba mai tambayar wani.

Akwai rukunin da ban ambata ba, kuma su nake ganin laifinsu. 'Yan 2go nake nufi, manhajar Afirka ta Kudu da ta mamaye ƙananan wayoyin Nokia wajen 2010 zuwa 2013, kafin WhatsApp ya ture ta. Ta saƙo ce amma halin gem gare ta: ɗakunan hira da baƙi, sunan ƙarya, da tauraron da ke nuna matakinka gwargwadon daɗewarka a kan layi. Waɗanda suka kwana a cikin bargo suna latsa 2go yau su ne 'yan shekara 30 zuwa 40. Su ne admin a zauren dangi, su ne kuma ke buga eFootball in yara sun yi barci. Sun san daɗin hira da baƙo, sun san ƙaryar shekaru domin sun yi ta, sun san yadda aka yaudari wasu abokansu da ƙawayensu. Amma sai ka ji mutumin da mahaifinsa ya taɓa ƙwace masa waya saboda 2go yana cewa yaran yanzu sun lalace. In akwai wanda ya dace ya shiga tawagar ƙaninsa ko ɗan yayarsa ya buga zagaye biyu, ya ji su wa ke magana a kunnen yaron, to su ne. Baffa in ya shiga, kowa fita zai yi.

Wasu ƙasashen sun gwada doka. Sin, a Agustan 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, daga takwas zuwa tara na dare. Ta iya hakan ne domin can da sunan gaskiya da katin shaida ake rajista, duk da haka an yi ta samun yara na shiga da asusun iyaye da kakanni. Ostareliya a Nuwamban 2024 ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafi a irin su TikTok da Instagram, amma ta bar manhajojin saƙo da wasannin intanet a waje, wato wurare biyun da muke magana a kansu.

Mu a nan, inda wajen rabin 'yan Najeriya ba su haura shekara 18 ba, a Nijar ma wajen rabin ba su haura 15 ba, waya ɗaya kan zaga hannu uku a gida, layin kuma da sunan uwa aka yi masa rajista. Ban ga dokar da za ta tantance shekarun mai riƙe da waya ba. Dokar da muke da ita ta gida ce, hukuncinta kuma ɗaya ne, a ƙwace wayar. Ina fahimtar uban da ya yi haka, musamman in sakamakon jarrabawa ya zo da jan biro. Sai dai ya kamata ya san abin da ya ƙwace. Asusun gem ba a cikin wayar yake ba, yana ɗaure ne da Facebook ko Google ɗin yaron. Gobe zai ari wayar abokinsa a bayan makaranta ya shiga, ya tarar da tawagarsa tana jiransa. Abin da ya tafi da wayar shi ne layin da gida ke samunsa a kai.